Giɓin da Baba Ya Bari a Sahu

Malanville, 9 ga Maris 1987

Zuwa ga ƙanena Inuwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa sanyin Faransa bai taɓa lafiyarka ba, ya buɗa maka karatu. Mu nan lafiya lau. Safi ta haihu, an sa wa yaron Kadiri. Maigidana yana nan a kan gadar Gaya, kullum cikin cacar baki da 'yan duwan, wato kwastan.

Na je Garou na karanta wa Baba bayanin aikinka. Ka ce ka jera dubban ƙananan na'urori kamar tururuwa, babu shugaba, kowace maƙwabciyarta kawai take saurare, amma tare suke warware lissafi. Ni kam kaina ya yi zafi. Baba kuwa dariya ya yi, ya ce ashe su, wato kamun kifi, kake koya wa ƙarfe. Ai haka masunta suke jeruwa a tafki da homa, kowa na dama da na hagunsa kaɗai yake duba, kifi ya rasa hanya.

Sai na kai inda ka ce in na'ura ɗaya ta mutu, sauran su rufe wurinta, aiki ya ci gaba kamar ba a yi ta ba. Nan ya daina dariya. Abin da ba mu taɓa faɗa maka ba shi ne, tun tafiyarka Baba bai yarda kowa ya tsaya a damansa, inda kake tsayawa, ba. Kowace shekara ta wurinka kifi yake tserewa, mutane na gunaguni, shi ko a jikinsa. Bana sarkin ruwa Maigandi ya ce dole a rufe giɓin, Audi ɗan Husaina zai tsaya. Baba bai yi musu ba, cewa ya yi tunda na'urorinka ma haka suke yi, to shi ke nan. Wallahi abin ya sosa mini rai, Inuwa. Idanunsa sun yi rauni, ban ga alamar zai shiga ruwa baɗi ba.

Ban ce ka bar aikinka ba. Amma tafki ya fara janyewa, za a shiga kamun kifin bana kafin azumi.

Inna Zeinabu, Safi da Issufu suna gaishe ka. Baba bai ba da saƙon gaisuwa ba. Homarka dai ya sauko da ita daga rumfa, yana ɗinke ta da lalube.

Yayarka,
Barakatu