Sifilin Yayan Mijina

Anti, don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis, kaina ya kulle.

Ni injiniyar manhaja ce. Kamfaninmu na da manyan kwamfutoci, kowacce muna yanka ta gida-gida mu ba mutane haya, kowa ya ga kamar tasa ce shi kaɗai. A cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar akwai mitoci masu ƙirga abin da ke faruwa: sau nawa ta yi kuskuren hasashe, sau nawa ta tsaya jira. Ba komai ake barin ɗan haya ya ƙirga ba, don kada ya leƙa sirrin maƙwabcinsa. Ni aka ba aikin tsara shafin da ake tace wannan. Ba wuya: ka zaɓi "a bar waɗannan kawai" ko "a hana waɗannan kawai", sai ka cika akwatin da ke ƙasa da lambobin abubuwan da kake nufi.

Shugaban sashenmu yayan mijina ne. A ofis Sarkin Lamba ake ce masa, don ya haddace lambobin nan kaf, kuma ba ya karanta abin da ke kan allo, wai wannan sai masu koyo. Da farko na sa jan gargaɗi mai fitowa idan akwatin babu komai. Ya ce abin yana yi masa tsawa kamar ɗan firamare, in cire. Na cire, Anti. Yaya ne, me zan ce?

Makon jiya ya zauna gwada sababbin injina. Nufinsa kada a hana komai, sai ya bar akwatin wayam. Ashe zaɓin yana kan "a bar waɗannan kawai". Kin ga ke nan ba a bar komai ba. Mitoci ba su ƙirga ko ɗaya ba, sakamako ya fito sifili daga sama har ƙasa: kuskure sifili, jira sifili. Bawan Allah ya miƙe tsaye yana tafa wa kansa, ya ce shekara ashirin yana wannan aiki bai taɓa ganin injina masu lafiya haka ba.

Ni ban farga ba sai bayan kwana biyu, da na ga har yawan aikin da injin ya yi ma sifili ne. Ko kashe shi aka yi, abin da za a gani ke nan! Kafin nan labari ya gama ko'ina. Ya buga takardar sakamakon, ya sa mata firam, ya rataye ta saman firintar ofis. Manaja ya ce ya yi bayani gaban masu hayarmu ranar Alhamis, kuma cikinsu akwai waɗanda kallo ɗaya za su yi su gane. Surukata ta kira ni ta ce in riƙa koyi da ɗanta. Har sababbin kaya ya ɗinka.

Na gaya wa mijina. Ya ce shi tun yana aji uku bai ƙara gyara wa Yaya magana ba, kunnensa na hagu bai manta dalili ba. In na yi magana na kunyata babba, gidan surukai ya yi mini zafi. In na yi shiru zai tashi gaban baƙi ya yi tutiya da babu. Har na yi tunanin ƙirƙirar zazzaɓi ranar. Wallahi tausayinsa nake ji, ga dariya na cina, ga tsoro. Ya zan yi?

Matar Ƙane

Ƙanwata, sai da na ajiye takardarki na gama dariya, sannan na sake karantawa da idon basira.

Maganar zazzaɓi ki bar ta. Kunyar da kike gudu ta mutum biyu ce a ɗaki ɗaya. Wadda ke jiransa ta cikar zaure ce, kuma ranar da ya gano kin sani kika yi gum, ba zai yafe ba, kuma da gaskiyarsa.

Yayanku ya yi gaggawa, girman kai kuma ya hana shi duba allo. Amma ke ma da naki. Shafin da zai bar gwani ya rufe komai yana zaton ya buɗe, shafin ne ke buƙatar gyara. Gargaɗin nan kunya ta sa kika cire shi, ba yarda ba. A gida shi ne babba, amma amanar shafin nan a hannunki take.

Gobe ki same shi shi kaɗai, ki tura ƙofa. Ki fara da laifinki, ki ce kin gano matsala a shafinki kina son ya duba miki. Ki nuna masa layin yawan aiki, ki ja bakinki. Mai shekara ashirin zai gane da kansa, ki bar masa wannan. Ku sake gwajin tare. Sannan ki mayar da gargaɗin cikin jimla ɗaya mai ladabi: "Da wannan zaɓi ba za a ƙirga komai ba." Duk inda ba a ƙirga ba kuma, a rubuta haka, kada a ƙara sa sifili.

Zai ɓata rai, wataƙila ya kwana biyu yana amsa gaisuwarki da hanci. Ki jure, surukarki kuwa ba sai ta ji ba. Ranar Alhamis zai tsaya da lambobi marasa ban sha'awa amma na gaskiya, kuma ke da shi kaɗai za ku san wanda ya rufa masa asiri. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya bar zumunci.

Antinki