Damin Itacen da Kika Bari a Gindin Bishiya

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, Mama, ni ce Rifkatu, autarki. Ina fata kina hutawa lafiya a wurin Ubangiji.

Jiya Asabar ba ni da aiki a asibiti, sai na koma gandun dajin nan na bakin kogin Potomac, inda na kai ki lokacin da kika zo mini Fort Washington, nan Amurka. Yanzu na shiga sahun masu kallon tsuntsaye, har da madubin hangen nesa a wuya. Na san da kin yi dariya, kin ce mutum da lafiyarsa zai bar gida ya je kallon abin da ba zai ci ba.

Kin tuna ranar? Ina ta nuna miki zalɓe a bakin ruwa, ke kuwa idonki na ƙasa. Busasshen itace ko'ina, babu mai ɗauka! Ke da kika shekara arba'in kina fita neman itace a bayan Zonkwa, ina hannunki zai iya zama? Kafin in waiwayo kin haɗa dami, kin ɗaure shi tam, kina neman abin yin gammo.

Ma'aikacin dajin ya zo da fara'arsa ya ce doka ta hana a fitar da ko da tsinke, domin ruɓaɓɓen itace ne ke tara ƙwarin da tsuntsaye ke ci. Shi bai ɗaga murya ba. Ni ce na ɗaga. A gaban mutane na ce miki, nan ba ƙauye ba ne, kina ba ni kunya.

Sai kika jingina damin a gindin wata bishiya, kika kakkaɓe zani, kika ce, “To, tsuntsaye su dafa.” Muka dawo gida kika tuƙa mini tuwo kamar ba abin da ya faru. Na yi ta cewa gobe zan ba ki haƙuri, har kika koma gida Zonkwa, har aka kira ni aka ce kin rasu.

Jiya na nemi bishiyar, na kuwa same ta. Damin ya ruɓe ya zube, amma kina ganin yadda sandunan suka jeru kin san aikin hannu ne. Wata 'yar tsuntsuwa mai ɗagaggiyar wutsiya tana ta tsattsagar ƙwari a ciki. Na zauna ina kallonta, ban ko ɗaga madubin ba.

Mama, sun dafa, suna ci. Ki yafe mini. Da itacen da kika ɗauko a kanki aka dafa duk abin da na ci na girma, kuma ba ki taɓa ba ni kunya ba.

Allah ya ba ki hutawa ta har abada, ya sada mu a gabansa. Amin.

Taki har kullum,
Rifkatu