Tekun da Babu Kifi

Asabar, bayan sallar isha'i

Yau na yi magana a gaban Baba, kuma aka bi ra'ayina.

Mun je wani shago a Garki neman hoton da za a rataya a falo. Mama ta zaɓi mai ruwa garai-garai da kifaye suna tsalle. Ni kuwa idona yana kan wani a lungu. Teku ne shuɗi mai duhu, hadari ya haɗo a kansa. Ban taɓa ganin teku ba, amma na kasa ɗauke kai.

Mama ta ce, "Wannan baƙin abin? Sai ka ce gidan makoki."

Na ce, "Baba, a falo kake nafila. Na Mama akwai masu rai a ciki, wannan kuwa ruwa ne zalla."

Baba ya gyara tabarau ya duba. "Gaskiyar Hauwa ce. Malam mai shago, naɗe mana shi."

A mota Mama ta harare ni tana murmushi. "Ashe lauya muke da ita a gida."

Gobe ni zan nuna inda za a kafa ƙusa.