Ƙugiyoyin Sule

Gaya, daren Laraba, Rajab 1291

Ƙanena Sule ya dawo daga Hajji da iyayi. Wai a Masar ya ga tsohon littafin waƙoƙin ibadar Nasaran Rum, da ƙananan ƙugiyoyi a kan kalmomi, masu nuna inda murya za ta hau ko ta sauka. Har ya zana irinsu a waƙar bege da marigayi Baba ya bar mana.

Na ce, "To, rera mana."

Ya bi su da yatsa yana kukan tunkiya, har Inna ta leƙo tana tambayar wa ba shi da lafiya.

Ya ce, "Yaya, in ka mutu, wa zai riƙe karin waƙar?"

Tsaki na yi masa. Amma gobe zan zaunar da 'ya'yana, su koya daga bakina.