Famfon da ya yi aiki ƙasa da sifili

Dilimi, daren Talata, 1978

Gaisuwa ga manya da yara, har da ɓerayen ɗakina, daga Sarkin Kwamfutan Jos!

Yau dai sarauta ta sha ƙasa. Ƙwaƙwalwar injin ofishinmu 'yar mitsitsiya ce, kullum oga Ɗanladi na kukan ta cika. Na ce a bar ni da ita. Da sakan muke ajiye lokacin aikin famfunan haƙar kuza, a gurbin lamba mai bayit huɗu (bayit shi ne mudun awon ƙwaƙwalwar inji). Ni gwani na mai da shi bayit biyu, har na sa aka tafa min.

Ashe ƙaramin gurbin ba ya ɗaukar abin da ya wuce awa tara da 'yan mintoci. Famfon da ya kwana yana aiki, wai ya yi ƙasa da sifili!

Oga ya ce, "Ranka ya daɗe Sarki, da baya famfon yake tafiya? Ka gyara kafin Juma'a, ko ka koma kasuwar Katako ɗaukar itace."

Da ma da minti na ƙirga, gurbin zai kai sati uku. Yanzu sai na sake huda katunan da muke ba injin umarni da su kaf.

Kai mai leƙa min littafi, aiko min da goro. Babba, don Allah. Na daina harka da ƙanana.