Ni ne Lamba Bakwai

Zuwa ga Mushe Darekta na ɗakin binciken da ya gwada itatuwan lemunmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka.

Ni ne mai garkar lemu ta bakin kwari a Waca. A sankiyem, wato shekara ta biyu, na bar kolej. Ba furojen tallafi, ba ɗan'uwa a biron gwamnati. Da hannuna na haƙa rijiya, ni kaɗai na koyi aurar da lemu, wato ɗora idon lemun zaƙi a kan gindin lemun tsami, har mutanen Kwaya da Sassumbrum suna zuwa da amalanke sayen dashe wurina.

Na farko. Da ɓawon gindin itatuwa ya fara tsagewa a garakan mutane, itace ya tsumbure, sai aka ce dashena ne ya kawo ciwon. Damina guda ban sayar da ko ɗaya ba. Wallahi har na wasa gatari zan sare uwayen itatuwan da nake cirar ido.

Na biyu. Mutanenka suka zo suka yanki ɓawo da ganye, kowace garka da lambarta. Suka ce ciwon wata ƙwaya ce, biroyid, ido ba ya ganinta, sai inji ya riɓanya alamarta kafin a san yawanta a jikin gindi. Sakamako ya fito: wasu garaka da yawa, wasu kaɗan, lamba bakwai, wato tawa, babu ko ɗigo. Alhamdulillahi. Ran nan na ci tuwo har da ƙari.

Na uku, nan ne kukana. Takardarku ta ce a wuƙar aure ciwon ke bi daga itace zuwa itace, ta yaba wa lamba bakwai da ke tsoma wuƙarsa cikin ruwan jabel, mai kashe ƙwayoyin cuta, kafin kowane yanka. Mushe, shekaru ana yi mini dariyar wannan jabel ɗin, ana ce mini likitan itace. Ni ƙyanƙyami ne kawai ya sa ni, ashe shi ya cece ni. Amma wanda ya gudu daga garkata, ina zai san wane ne lamba bakwai? A kasuwa ba a kiran mutum da lamba.

Ban roƙi taki ba, ban roƙi injin ban-ruwa ba. Allah ya ƙara maka girma, ya tsare iyalinka. A gyara takardar nan, a karanta ta ranar kasuwa, inda aka sa bakwai a rubuta: Ila Mai Lemu, Waca.

Wassalam.