Motar Juma'a

Nguru, 3 ga Maris, 1986

Laminu,

Ka ji gargaɗina tun kafin gaisuwa: idan ka kai ni inda mata ke yawo ba zane, a ranar zan juyo, ko da a ƙafa ne.

To, yanzu assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Kellu da mutanen Gashuwa baki ɗaya.

Na ga takardarka. Ka ce za ka kai ni Badagiri, can gaba da Legas, in huta a bakin teku ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Ban san gajiyar me na yi ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, tun muna sakandare da aka nuna mana teku a taswira nake son in gan shi da idona. Mahaifinka ya yi ta alkawari, aikin kai saƙo bai bar shi ba har ya koma ga Allah. Na amince. Na kai wa tela atamfa, na sayi takalmin roba. Maƙwabciyata Gogo har ta kawo kwalba a ɗebo mata ruwan, wai sai ta ɗanɗana za ta yarda akwai gishiri.

Abu guda: wa zai tsaya kan motar Juma'a in ba ka nan? Da bakinsa mahaifinka ya ce duk Juma'a motar kamfaninsa, Dunoma Aike, ta kai wa 'yan makarantun kwana saƙon iyayensu kyauta. Sadakarsa ce, ita ke iske shi a kabari. Kada shaƙatawa ta sa a yi fashi.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Mairam

Gashuwa, 6 ga Maris

Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya.

Wallahi na yi dariya har direbobi suka leƙo. Ba mai kai ki wurin marasa zane. Gefen masunta zan samo miki, daga ke sai iska sai kwalekwale. Ki ce wa Gogo ta ƙaro kwalba.

Kellu za ta zo ranar Laraba, ku hau jirgin ƙasa na Alhamis zuwa Kano. Ni zan ƙarasa wani ɗan aiki in same ku can. Don Allah, Inna, kada ki ɗaga ranar.

Zancen motar Juma'a kuwa, ki bar shi a hannuna.

Ki huta lafiya.

Ɗanki,
Laminu

Nguru, 14 ga Maris

Laminu,

Sallama haƙƙin Musulmi ce, don haka assalamu alaikum.

Ban hau jirgi ba. Mijin Gogo ya rasu jiya da safe, kuma ba ni ce zan bar unguwa kafin sadakar uku ba. Kellu ta yi ta damuna da "Inna, mu tafi," na ɗauka ɗokin teku ne.

Yau da hantsi mata suka cika mini tsakar gida da ƙullinsu: busasshen kifi, ƙuli-ƙuli, yaji, garin kunu. Wata tun daga Kumagannam ta taso. An koro su daga ofishin kamfanin. Na yafa mayafi na je da kaina. Na tarar da mai fenti a kan tsani ya riga ya shafe sunan mahaifinka. Wani da ban taɓa gani ba yana zaune a kujerarsa. Ya ce mini, "Iya, in saƙo ne, ɗora shi a sikeli."

Na ce, "Yau fa Juma'a ce."

Ya ce, "Alhaji Babayo ya ce duk ranakun ɗaya ne."

"Wane ne kuma Alhaji Babayo?"

"Haba Iya, mai kamfanin mana!"

A tsaye, a gaban jama'a, daga bakin baƙo na ji cewa ɗana ya sayar da abin da ubansa ya kafa. Da na dawo, Kellu ta durƙusa tana kuka, ta ce kai ka tsara sai na dawo daga hutu, zuciyata ta yi sanyi, sannan ka faɗa mini.

Ashe ba teku za ka nuna mini ba, kawar da ni za ka yi daga gari. Da ɗinkina da murnata, ina ta yi wa mutane sallama.

Ina jiran bayaninka.

Mairam

Gashuwa, 17 ga Maris

Inna,

Ina gaishe ki a durƙushe.

Na yi laifi. Amma hanya ta cinye motocin, kayan gyara sun ɓace a kasuwa, ɗaya ce kawai ta rage tana tashi. Alhaji Babayo yana da sababbi, kuma ya riƙe direbobinmu duka. Na yi masa maganar Juma'a, ya ce zai duba. Ban zaci tun makon farko zai kori matan ba.

Sau nawa na taso in gaya miki, in na tuna fuskarki sai in kasa. Amma tekun ba ƙarya ba ne, Inna, da gaske nake son ki gan shi. Har yanzu ana riƙe mana da masauki. Ki yi haƙuri ki zo.

Ɗanki mai neman gafara,
Laminu

Nguru, 22 ga Maris

Laminu,

Wa'alaikumus salam.

Da ka zo ka zauna a gabana ka ce motoci sun gagara, da na yi kukana na sa maka albarka, muka nemi yadda sadakar ba za ta yanke ba. Tsoron fuskata bai hana ka yi mini dariya a takarda ba.

Jiya ni na shiga motar haya da ƙullin matan, na kai kowanne ƙofar makarantarsa. Haka zan riƙa yi duk Juma'a muddin ƙafata tana ɗaukata. Ba ni da lokacin hutu. Ka kai Kellu tekun, ga ta nan na maido maka, ita za ta ba ka wannan. Allah ya shirye ka.

Daga yau a gidan nan ba a karɓar saƙon ɗa, ko takarda ko ƙulli, ko ta hannun wa ya biyo. Duk wanda na haifa, in yana da magana, ya tako da ƙafarsa, ya zauna a tabarma, ya faɗe ta ina kallonsa.

Mahaifiyarka,
Mairam